Kimar Tsofaffin Kayan Gareji a Ƙasar Kano

Gabatarwa

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani rabon gado da aka kira ni a wata unguwa ta cikin birnin Kano. Mamacin tsohon bakanike ne, ya haura shekara hamsin yana kwanciya a ƙarƙashin mota. Ya bar gida da gona, sannan ya bar wani akwatin ƙarfe maƙare da kayan aiki, da wasu allunan talla guda biyu na gidajen mai da ya toshe ɓular katangar garejinsa da su. Gida da gona ba su ba kowa wahala ba, domin akwai dillalan da suka san kuɗinsu. Akwatin ne ya tsaya wa jama'a a rai. Babban ɗan mamacin har ya riga ya kirawo ɗan gwangwan da sikelinsa, sai malamin da ke rabon ya dakatar da shi, ya ce akwai marayu ƙanana a cikin magada, bai halatta a salwantar musu da dukiya a kan rashin sani ba, a nemo wanda ya san tsofaffin kaya.

Tun daga ranar na shiga bin garejoji da kasuwannin kayan kwance ina tambaya. Abin da na fahimta, wanda shi ne maƙasudin wannan maƙala, shi ne tsohon kayan aiki farashi uku gare shi: farashin nauyinsa, da farashin amfaninsa, da farashin tarihinsa. Mafi yawan abin da ke hannunmu a farashi na farko yake tafiya, alhali shi ne mafi ƙasƙanci, kuma shi kaɗai ne wanda in an sayar da kaya a kansa ba a sake ganinsu har abada.

Yadda Kayan Suka Zo Mana

Kafin a iya yi wa abu kuɗi sai an san inda ya fito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya kankama daga 1912. Da farko jakuna da raƙuma da takarkarai ne ke kawo gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin tasha, daga baya manyan motoci suka riƙa karɓe wannan aiki sannu a hankali. Kowace mota kuwa takan zo da jakar kayan gyaranta, wato sufanu da filaya da jak da famfon taya da ƙarfen da ake murzawa a tayar da inji. Wannan ita ce hanya ta farko da kayan gareji suka shigo ƙasar Hausa.

Hanya ta biyu ita ce ma'aikatun gwamnati: ma'aikatar jirgin ƙasa, da ma'aikatar ayyuka da aka fi sani da PWD, da wuraren gyaran motocin En'e. A nan ne rukunin farko na makanikanmu suka koyi aiki. Hanya ta uku ita ce soja. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an ɗebi samari da yawa daga Arewa, wasu suka je har Bama, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci. Bayan yaƙin an yi gwanjon rarar motocin soja da kayan aikinsu. Hanya ta huɗu ita ce kantunan kamfanonin Turawa da na Kwara, irin su UAC da John Holt da CFAO, da SCOA mai sayar da Peugeot, da Leventis mai sayar da Mercedes, wato Fijo da Marsandi a bakin mutanenmu.

A zamanin mulkin mallaka da shekarun farko na 'yancin kai motocin Ingila ne suka fi yawa, irin su Bedford da Austin da Morris da Land Rover. Daga baya abin ya sauya. A ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, sannan motocin Japan suka cika titi. A cikin waɗannan shekaru na 1970 ne kuma ƙasar ta bar awon inci da galan ta koma na mita da lita. Wannan sauyi ya bar tabo a cikin akwatin kowane bakanike, domin sufanun da ya saba da su sun daina kama notin sababbin motoci. Sai ya tura su ƙasan akwati ya sayi wasu. Saboda haka akwatin tsohon bakanike hawa-hawa yake, na ƙasa ya girmi na sama.

Rubutun da ke Jikin Ƙarfe

Babban abin da ya sauƙaƙa wannan bincike shi ne yawancin kayan suna ɗauke da shaidarsu a jikinsu. Abu na farko da nake dubawa shi ne awon da aka buga a bakin sufana, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne awon Whitworth, wanda wani injiniyan Ingila mai suna Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841. Ana gane shi da harafin W ko BSW, da ƙanensa BSF. Abin lura a nan shi ne lambar da ke jikin irin wannan sufana kaurin sandar kusar take nufi. Shi ya sa sufanar da aka rubuta wa 1/4 W faɗin bakinta ya ɗan haura milimita 13, ta yadda sufana mai lamba 13 ba ta shiga notinta, mai lamba 14 kuma sai ta riƙa zamewa tana cinye kan notin. Na biyu shi ne awon AF, wanda shi ma na inci ne, amma faɗin kan noti yake nunawa kai tsaye. Shi ne na motocin Amurka, kuma motocin Ingila sun riƙa komawa kansa bayan yarjejeniyar da Ingila da Amurka da Kanada suka ƙulla ta daidaita zaren kusoshi. Na uku shi ne awon milimita, na motocin Faransa da Jamus da Italiya da Japan, wanda shi ne yaran gareji suka sani a yau, su ce miƙo goma, miƙo sha uku, miƙo sha bakwai.

Abu na biyu shi ne sunan maƙerin. King Dick da Britool na Ingila ne, haka ma Record ta garin Sheffield mai yin abin matse ƙarfe da ake kafewa a kan benci. Gedore da Hazet na garin Remscheid ne a Jamus, Facom ta Faransa ce, Snap-on kuma ta Amurka.

Abu na uku shi ne sunan ƙasa, kuma wannan yana yanke gardama sosai. Duk abin da aka buga wa “W. Germany” ko “West Germany” an yi shi ne a zamanin da Jamus take rabe biyu, tsakanin 1949 da 1990. Wanda ke ɗauke da USSR bai wuce 1991 ba. Abu na huɗu shi ne tambarin mai kaya. Kayan gwamnatin Ingila, musamman na soja, ana buga musu wata alama mai kama da kan kibiya ko sawun kaza, sau da yawa tare da shekarar da aka yi su. Su ma makanikanmu suna da nasu tambarin: wani ya sara layi biyu da zarto, wani ya buga ɗigo uku da kusa, wani ya shafa jan fenti, don kada kayansa su ɓace a hannun maƙwabta.

Allunan talla da gwangwanayen mai su ma haka suke. A 1976 gwamnatin tarayya ta sayi hannun jarin kamfanin Esso aka mayar da shi Unipetrol, a 1979 kuma ta karɓe kadarorin BP, gidajen mansa suka koma AP. Saboda haka allon Esso ko na BP da aka ciro daga wani tsohon gidan mai na ƙasar nan ya girmi waɗannan shekaru. Mudun awon mai da aka rubuta wa galan ya girmi wanda aka rubuta wa lita. Garwa ma da muke auna ruwa da ita asalinta gwangwanin kananzir ne ko fetur mai cin galan huɗu, wato kimanin lita 18. In kuwa aka samu rasit a cikin akwati an rubuta shi da fam da sule, to ya riga ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da naira ta fito a kan naira biyu fam ɗaya.

Farashi Uku

Farashin nauyi shi ne na 'yan gwangwan da 'yan jari-bola. Su ba ruwansu da suna ko shekaru, sikeli ne alƙali. Abin da suke bambantawa kawai shi ne irin ƙarfen, domin jan ƙarfe da tagulla da dalma sun fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba. Wannan ya sa kayan da suka fi saurin ɓacewa su ne mafiya kyau, irin su tsohon famfon taya mai bututun tagulla, da fitilar narka dalma, da butar zuba baƙin mai. Ba na zargin masu wannan sana'a, halas suke nema, kuma suna tsabtace gari. Sai dai abin da ya hau sikelinsu a tirela yake ƙarewa, daga nan sai masana'antun narka ƙarfe, ya dawo mana a matsayin rodin gini.

Farashin amfani shi ne na makanikai da 'yan kayan kwance, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Bakanike zai ɗauki sufana ya jinjina nauyinta, ya duba ko bakinta ya buɗe, ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa ya saurari ƙararta, ya nemi alamar walda ko tsagewa. Idan tsohuwar Jamus ce ko Ingila, kuma awonta na milimita ne, zai iya biyan abin da ya fi kuɗin sabuwa mai araha, don ya san da tsohuwar zuma ake magani. Amma idan ta Whitworth ce, ko da ƙyalli take yi, ba zai taya ba, tunda babu motar da zai kwance da ita. A nan ne farashin amfani yake yaudarar magada: abin da ya fi tsufa a akwatin shi ne bakanike zai ce ba shi da amfani.

Farashin tarihi shi ne na masu tara kayan da, da gidajen adana kayan tarihi, da masu farfaɗo da tsofaffin motoci. A Turai da Amurka wannan kasuwa ce mai zaman kanta. A Ingila, alal misali, tun 1967 ake cin wata babbar kasuwa ta tsofaffin kayan mota a Beaulieu, inda gidan tarihin motoci na ƙasar yake. Mutumin da ke gyaran tsohuwar Morris ko Land Rover ta farkon fitowa dole ya nemi sufanun Whitworth, waɗanda mu a nan muke zubarwa. A wajenmu wannan kasuwa ba ta yi ƙarfi ba. Dillalan kayan da na Kasuwar Kurmi sun fi sanin takubba da tasoshi da tsofaffin kuɗi. Amma zuwan intanet ya sa ana samun masu bi gari-gari suna sayen allunan talla da arha, su san inda za su kai su.

Ma'aunan da Ake Bi

Daga abin da na gani a wurin masu wannan harka, abubuwa biyar ne ke ɗaga farashin tarihi ko su kayar da shi.

Na ɗaya, maƙeri. Kayan da ke ɗauke da sunan sanannen kamfani, ko sunan motar da suka zo da ita, sun fi marasa suna. Na biyu, ƙaranci. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, kuma wannan shi ne kuskuren da jama'a suka fi yi. Sufanar keken Raleigh mai ramuka da yawa tsohuwa ce, amma an yi ta da ɗimbin yawa, kuma a Kano ma an yi masana'antar wannan keke, don haka kuɗinta kaɗan ne. Na uku, lafiyar kaya: babu tsagewa, babu walda, rubutu na karantuwa. Na huɗu, cika. Jerin sufanu da ya cika daga ƙarama zuwa babba, a cikin jakarsa ta asali, ya fi kuɗin waɗannan sufanu in an sayar da su ɗai-ɗai. Na biyar, asali, wato sanin wanda ya mallaki abin, da inda ya yi aiki da shi, da wata shaida kamar rasit ko hoto ko takardar gama koyon aiki.

A ganina wannan na biyar ya fi sauran muhimmanci a gare mu. Sufanar King Dick ba baƙuwa ba ce a Ingila, suna da ita jibgi. Abin da babu a can shi ne sufanar da aka san ta kwance motar da ta yi jigilar gyaɗa zuwa dalar gyaɗa ta Kano, aka san sunan wanda ya riƙe ta da yaran da ya yaye. Haka nan kayan da makanikanmu suka ƙirƙira da kansu, ko suka kai wa maƙeran gargajiya suka ƙera musu: sufanar da aka lanƙwasa a wuta don ta kai wani lungu na inji, da ƙarfen ciro taya da aka yi da sifirin mota, da kurfin da aka fitar daga tsohon zarto. Waɗannan babu su a kundin kowane kamfani, kuma su ne shaidar yadda ƙira ta gargajiya ta haɗu da kanikanci. Ɗan kasuwar waje ba zai taya su da tsada ba, amma a wurin mai nazarin tarihin sana'o'inmu sun fi duk abin da ke akwatin daraja.

Jabu da Gyaran Ganganci

Duk inda kuɗi ya shiga jabu zai biyo baya. Allunan talla su aka fi kwaikwayo. Na asali ƙarfe ne mai nauyi da aka narka wa rufin tangaran a wuta, kamar na kwanon samira, launi bisa launi, har in ka shafa za ka ji tudun rubutun. Inda ya ɓantare yakan yi tsatsa baƙa mai zurfi, musamman a bakin ramukan kusa. Na jabu sau da yawa shafal yake, rubutunsa a shafe, tsatsarsa ja ce sabuwa mai kama hannu, kuma an rarraba ta a wuraren da ba su da dalilin lalacewa.

Sai dai ɓarnar da masu kaya ke yi da hannunsu ta fi ta 'yan jabu yawa. Mutum zai ji an ce kayansa na da daraja, sai ya kai a goge su da injin gurza ƙarfe, ko ya sa a fesa musu fenti don su yi kyau. Da haka sai ya shafe sunan maƙeri da tambarin mai kaya, ya mayar da abin farashin nauyi. Abin da ya dace shi ne a share ƙura, a goge da tsumma da ɗan baƙin mai ko kananzir, a ajiye inda babu laima. Allo kuma ruwa da sabulu sun ishe shi.

Matsayin Doka

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Amma idan aka duba abin da ta kira kayan tarihi, za a ga ta fi karkata ga abubuwan da aka tono daga ƙasa, da ayyukan hannu na gida da aka yi kafin 1918, da waɗanda ake amfani da su a bukukuwan gargajiya. Kayan gareji kuwa yawancinsu daga waje suka zo, kuma bayan wannan shekara. Ke nan ba za mu dogara ga doka ta tsare mana su ba, sai dai sanin darajarsu.

Kammalawa

Bari in koma ga akwatin da na faro da shi. Mun zazzage shi a kan tabarma a gaban malam da magada, muka kasa shi uku. Kashi na farko karyayyun kaya ne da kusoshi da guntayen ƙarafa marasa wata alama, aka ba ɗan gwangwan ya auna. Kashi na biyu kayan awon milimita ne masu lafiya, aka kirawo makanikai biyu daga garejoji daban-daban kowa ya yi tayinsa ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba, aka sallama wa wanda ya fi. Kuɗin wannan kashi kaɗai ya ninka abin da aka taya akwatin gaba ɗaya a kan sikeli. Kashi na uku shi ne na ƙasan akwati: jerin sufanun Whitworth, biyu daga ciki da alamar kan kibiya, da wasu ƙarafa uku ƙirar gida, da allunan nan biyu.

A kan wannan kashi ne wani dattijo da ya koyi aiki tare da mamacin ya sa baki. Ya ɗauki wata lanƙwasasshiyar sufana ya ce da babban ɗan: “Yaro, wannan ubanka ne ya kai ta maƙera da kansa, ina riƙe da zugazugi.” Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce: “Baba, wallahi ban sani ba.” Daga ƙarshe aka yi wa kashin kuɗi da yardar kowa, babban ɗan ya karɓe shi a cikin rabonsa, marayu suka samu haƙƙinsu cikakke. Ni kuma na zauna da dattijon yini guda ina rubuta labarin kowane ƙarfe, aka saka takardar a cikin akwatin.

Shawarata ga magada da masu rabon gado ita ce kada a ɗora kayan sana'ar mamaci a sikeli sai an kasa su kamar haka, an kuma ji tayi fiye da ɗaya. Ga ƙungiyoyin makanikai da direbobi kuwa, ya kamata kowace ta ware ɗaki ko da ƙarami ne ta tara kayan magabatanta, da sunayensu da hotunansu. Ga mu masu aikin adana tarihi, mun daɗe muna tattara kayan maƙera da masaƙa da marina da dukawa, kuma mun kyauta. To kanikanci ma ya kusa shekara ɗari ko ya haura a ƙasar nan, ya ciyar da gidaje masu yawa, ya cancanci gurbi a jerin sana'o'inmu. Dattawan da suka san bambancin W da AF sun ragu ƙwarai, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu kafin a zauna da shi, kayansa sun zama ƙarfe kawai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya, amin.